Sunan da Akawu Ya Goge

Akawu bai taɓa yin faɗa ba a rayuwarsa. Ba haƙuri ne ya yi masa yawa ba, ƙafafu Allah ya ba shi masu saurin fahimta. Tun yana yaro, da ya ga an fara naɗe hannun riga sai ya tuna an aike shi. Da haka ya haura arba'in da tumbinsa madaidaici, da sanƙo, da haƙoransa cif babu wanda ya yi ƙaura, yana zaune a teburi ɗaya a sashen tsaftar gari yana buga wa takardu hatimi. Yaran da ya koya wa ɗaure fayil duk sun tsallake shi, don suna da digiri shi ba shi da. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya ce masa, "Baba, ɗan leƙa ka kira min direba," a ranar ya je ya shiga karatun ƙarshen mako.

Karatu ya tafi da daɗi ba daɗi har aka zo kan kundin kammalawa. Ya zaɓi tsaftar nama a babbar mayankar gari, don wan matarsa a can yake aiki, ya ga abin zai zo masa a ɓagas. Wan matar nan mai fiɗa ne, kowa Bahago yake ce masa. Akawu ya girme shi nesa ba kusa ba, amma tunda ƙanwarsa yake aure dole yake ce masa Yaya, shi kuwa Bahago bai taɓa yafe wannan girma ko sau ɗaya ba. Hannunsa na hagu shi ne gonarsa. Da shi yake raba sa da fatarsa kamar mai tuɓe wa yaro riga, ba tsaga ba huda, da shi kuma yake riƙe da gidansa da tsohuwarsu. In za a bi gaskiya har da gidan Akawu, don ledar da Bahago ke aikowa duk mako ita ta gina rabin tumbin nan.

Malamar da aka ba shi ta duba aikin, Dakta, wata siririya ce mai jan biro. Babin farko ya dawo masa kamar an yanka kaza a kai.

"Akawu," ta ce, "ko cewa ka yi rana daga gabas take fitowa, ina so in ga wanda ya gaya maka da shekarar da ya gaya maka. Magana marar uba ba ta kwana a kundin da zan sa wa hannu."

Ita ta nuna musu a aji cewa manhajar rubutu tana da wani rumbu na madogara. Ka zuba sunan mai magana da shekara da wuri sau ɗaya tak. Daga nan duk inda ka ɗauko maganarsa sai ka danna, sunan ya faɗo cikin baka a ƙarshen jimla, a bayan kundi kuma jerin manazarta ya tsara kansa da kansa. Akawu ya ga abin al'ajabi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cike gurbi da hannu, yau ga gurabe masu cika kansu. Ya zuba littattafai, ya zuba jaridu, ya zuba mutanen da ya yi hira da su. Inda aka ce suna sai ya ba da suna cikakke har da na uba, don shi akawu ne, jikinsa ƙaiƙayi yake in ya bar gurbi da rabin bayani.

Duk abin da ke da nauyi a kundin daga bakin Bahago ya fito. A ɗakinsa ya ba da shi, bayan ya kori yara ya sakaya ƙofa, Akawu na ɗaukar muryarsa a waya. Ya faɗi yadda ake jan shanu marasa lafiya, wasu ma sun riga sun sheƙa, zuwa bayan tsohon ɗakin ƙanƙara kafin likitan dabbobi ya iso. Ya faɗi yadda ake yanke huhun da ya yi ƙurarraji a turbuɗe, da yadda naman yake fitowa da hatimin lafiya, don akwai hatimi na biyu a aljihun shugaban mahauta, wanda kowa ke kira Ciyaman.

"Farfesa," Bahago ya ce, don haka yake kiransa tunda ya koma makaranta, "in sunana ya fita ba kora ta za su yi ba. Akwai wanda ya taɓa kai ƙara. Ciyaman ya sa aka ɗora hannuwansa a kan kututturen sara. Yanzu matarsa ke ɗaure masa wando."

"Haba Yaya. Ni da nake boko? Ko Dakta ma ta ce a ɓoye sunan duk wanda magana za ta cutar."

Kuma ya cika alkawari iyakar saninsa. Ya bi kundin shafi-shafi, duk inda sunan Bahago ya faɗo cikin baka ya goge ya rubuta "wani ma'aikaci". Ya je jerin manazarta ya yi haka. Rumbun kuwa bai taɓa shi ba. Ya sheme ciyawa ya bar saiwa a ƙasa, ya tafi yana yaba wa kansa da noma.

Ranar bugawa ya je shagon wata mata da ke da firinta da injin ɗaure littafi. Ta buɗe kundin ta duba, ta ce, "Malam, lambobin shafin da ke ƙunshiyarka ba su dace da na ciki ba. Bari in gyara maka su ɗaya-ɗaya."

Da ya ƙyale ta da ba a ji wannan labari ba. Amma akwai ɗalibai 'yan mata a kan benci suna jiran layi, shi kuma akwai abu guda da ya iya.

"Madam, wannan ai aikin mutanen da ne. Ɗan matsa ki gani."

Ya zauna, ya shafa kundin baki ɗaya daga fari har ƙarshe, ya danna sabuntawa. Lambobin suka yi tsalle kowace ta faɗa gurbinta.

"Kai Malam, ashe injiniya ne kai!" in ji ɗaya daga cikin 'yan matan.

Wannan kalma ita ta kai shi gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Bai san cewa umarnin da ya bayar bai tsaya a lambobin shafi ba. Na'ura ta koma rumbu ta tambayi kowace baka wane ne ubanta, ta watsar da abin da ya rubuta da hannu, ta mayar da sunan Bahago ko'ina yake, da na ubansa, da ranar hira, da "a ɗakinsa". Akawu bai sake karantawa ba. Ya karanta kundin nan har yana ganinsa a mafarki, ko warinsa ba ya son ji.

Aka ɗaure da baƙin bango mai tauri. Ya kai ɗaya makaranta, ya ajiye ɗaya, ɗaya kuma ya kai wa Ciyaman, don da wannan sharaɗi aka bar shi ya shiga mayanka tun farko. Bai ji ɗar ba. A zamansa na ofis bai taɓa ganin babban mutum ya wuce shafin farko ba. Ciyaman ma tambaya ɗaya ya yi, ina sunansa yake. Aka nuna masa shafin godiya, ya yi murmushi, aka ɗauki hoto. Abin da Akawu bai lissafa ba shi ne Sakataren ƙungiyar mahauta, wanda ya duba shafin godiya bai ga kansa ba. Mutumin da aka manta da shi a godiya kuwa zai karanta littafi har bango yana neman sunansa.

Wata rana da hantsi, yana ofis yana nuna wa masinja kundinsa, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Bahago ce, muryar ba tasa ba.

"Marubuci? Sakatare ne. Ciyaman yana son ka zo ka yi mana ƙarin bayani a kan babi na huɗu. Surukinka ya fara, amma bakinsa ya kumbura."

Aka kashe. Akawu ya buɗe babi na huɗu. Sunan ya dube shi daga cikin baka, ya juya shafi ya sake dubansa, kamar kunamar da ka tabbata ka take jiya. Ƙafafunsa suka ba shi shawarar da suka saba: ga tasha nan kusa, yana da ƙanwar uwa a wani gari da bai gaishe ta ba tun bara. Har ya miƙe da wannan niyya. Sai ya ga kansa tsaye gaban matarsa yana mata bayanin sabuntawa, ya auna tsoro biyu, ya hau babur zuwa mayanka.

An gama yankan safe. Tsakar wurin jiƙe take, ruwa ja yana bin kwata, ƙuda sun yi baƙi a kan tarin ƙaho. Masu baro da ya saba wasa da su duk suka sami abin kallo a ƙasa. Wani ƙato mai rigar leda har gwiwa ya kama shi ta wuyan riga ba sallama, ya ja shi zuwa rumfar fiɗa, aka turo ƙofar ƙarfe a bayansu.

Ƙugiyoyi na reto a sama babu komai a jikinsu. Ciyaman yana kan kujerar roba a tsakiya, fararen kayansa ko ɗigo babu, ya ɗage ƙafa a kan bokiti don kada takalminsa ya jiƙe. Sakatare na tsaye da kundin a buɗe. Bahago yana durƙushe gaban kututturen sara, ido ɗaya ya rufe, leɓensa ya tsage, jini na bin haɓarsa yana ɗiga a kan singileti. Mutum biyu sun danne masa kafaɗa. Na uku ya shimfiɗa hannunsa na hagu a kan kututturen ya taka wuyan hannun da takalmin roba. A gefen kujerar Ciyaman an jingine ƙashin ƙafar bijimi, da sauran jijiya a jikinsa.

"Marubuci ya iso," in ji Ciyaman. "Ku ba shi wurin zama."

Ƙaton ya share ƙafafunsa. Akawu ya zauna daɓas a cikin ruwan jini, tabaransa ya yi nasa wuri.

"Ranka ya daɗe, kwamfuta ce..."

Sakatare ya rufe kundin, ya riƙe shi da hannu biyu, ya kwaɗa masa a kunne. Akawu ya zaɓi bango mai tauri don kundin ya daɗe, kuma lallai matar nan ba ta cuce shi ba. Kunnen ya ɗauki kuka kamar an kunna injin niƙa a ciki. Na biyu ya same shi a baki. Ya ji wani abu ƙarami mai tauri a kan harshensa, ya tofar, ya ga haƙori ne, na farko da ya bar shi tun na yarinta.

"Ka ji, wai kwamfuta," Ciyaman ya ce wa jama'a. "Ita ta zo bayan ɗakin ƙanƙara ta leƙa. Sakatare, karanta mana kuma. Ina son wurin hatimin nan."

Sakatare ya gyara murya ya karanta, da tsayawa a kowane waƙafi kamar mai labaran rediyo. Da ya kai ƙarshen jimla ya karanta abin da ke cikin baka, suna da sunan uba da shekara. Mai takalmin roba ya ƙara danna wuyan hannun, ɗaya daga cikin masu riƙon ya sa gwiwa a haƙarƙarin Bahago. Bahago ya yi wani nishi irin na sa in an kayar da shi. Aka karanta jimla ta gaba, aka sake. Dakta ta ce kowace magana a ba ta ubanta, ga shi kuwa ana ba shi, jimla-jimla.

"Ni abin da ya ba ni sha'awa," in ji Ciyaman, "tsarin aikin. Da can in an yi gulmata sai na sha wahalar bincike. Wannan kuwa har da rana da ɗaki. Boko ya yi." Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙashin, ya auna nauyinsa, ya ba ƙaton. "Bahago, da hannun nan ka ci abinci a wurin nan tun kana wanke hanji. Yau wurin zai karɓi abinsa. Fara daga ƙaramin yatsa."

Bahago bai roƙa ba. Ya dai juyo da idon da ya rage ya dubi Akawu, ba ma da fushi ba, irin duban da mutum ke yi wa ramin da ya san da shi amma ya faɗa.

"Ƙarya na yi!"

Akawu ya waiga don ya ga wa ya yi magana, ya tarar shi ne. Ƙaton ya tsaya da ƙashin a sama.

"Ƙarya na yi, ranka ya daɗe. Yaya bai gaya min komai ba. Na je wurinsa ya kore ni, ya ce shi ba ya cin amanar wurin cin abincinsa. Ni na liƙa masa."

"Kai ka liƙa masa." Ciyaman ya sauke ƙafa daga kan bokiti. "To in bai gaya maka ba, a ina ka san ɗakin ƙanƙara? Wahayi ake maka?"

Akawu bai iya faɗa ba, amma wanda ya shekara ashirin yana gaya wa mutane cewa fayil ɗinsu na kan hanya ba a koya masa tsara magana.

"A sashen tsafta nake, ranka ya daɗe. Takardun ƙorafi suna zuwa teburina, ba suna ba sa hannu, wasu a bayan kwalin sigari. Ni nake danne su a ƙasan kabad. Daga nan na tsinto. Na kai wa malamarmu ta ce takarda marar suna ba madogara ba ce, sai na kawo mutum mai rai. Lokaci ya ƙure. Na duba duk mayankar nan, mutum ɗaya na san sunan ubansa."

Ciyaman ya dubi Sakatare.

"Suna yi," Sakatare ya ce, da takaicin wanda aka rage wa daɗin aiki. "'Yan makaranta suna yi. Ƙanena ma mutum goma sha ya ƙirƙira."

"To ya maimaita a waya. Kuma ka karɓi lambar malamar."

Sakatare ya ɗaga waya ya saita fuskarsa. Akawu ya san abin da wannan ke nufi. A makarantar nan an yafe wa mutane abubuwa da yawa, amma wanda ya ƙirƙiri madogara ba ya ganin takardar digiri ko a hannun wani. Ya tuna Asabar da Lahadin da ya kwashe shekaru yana zama a bayan yara sa'o'in 'ya'yansa, da sabuwar rigar da ya riga ya kai ɗinki. Ya buɗe baki, jini ya cika shi, ya tofar ya fara. Ya faɗi sunansa da lambarsa ta ɗalibi, ya ce duk abin da ke babi na huɗu shi ya ƙaga, babu wanda ya yi hira da shi. Sakatare ya sa ya sake, wai a na farko yana sauri. Aka tura. Wayar ta yi ɗan ƙaran da ke nuna saƙo ya tafi.

"Ku sake shi," in ji Ciyaman.

Aka ɗage takalmi daga hannun Bahago. Ya janye shi a hankali ya rungume a ƙirji, yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Akawu ya fara lalube yana neman tabaransa, a zatonsa an tashi taro.

"Ashe kai aka zalunta, Bahago," Ciyaman ya ce. "Mun taɓa ka a banza, ga wanda ya jawo. Ni kuwa ba a zalunci a gabana." Ya karɓi ƙashin daga hannun ƙaton ya miƙa masa. "Karɓi haƙƙinka. Mutumin da aka yi wa sharri irin wannan, na san yadda hannunsa yake sauka. In na ga ya sauka da sanyi, to zan san surukai ne suka haɗa min wasa, sai mu koma inda muka tsaya."

Suka ja Akawu a gwiwa har gaban kututturen. Itacen ya yi laushi da sara, yana da maiƙo, da ƙananan ɓarɓashin ƙashi a cikin tsagoginsa.

"Da wane hannu kake danna kwamfutar?" Ciyaman ya tambaya.

"Da yatsa biyu nake yi, ranka ya daɗe. Ɗaya nan, ɗaya nan."

Wani ya yi dariya ya haɗiye.

"Na dama," in ji Ciyaman. "Mu ba azzalumai ba ne."

Takalmin roba ya sauka a wuyan hannunsa. Bahago ya miƙe da ƙyar, ƙashin na hannunsa na hagu, ya tsaya a kansa yana huci. Akawu ya ɗaga kai ya ga hannun ya ƙi ɗaga ƙashin, ya ga kuma Ciyaman ya gani. In aka ƙara numfashi biyu a haka, haƙorinsa da digirinsa sun tafi a banza.

"Me kake jira, yaro?" ya ce. Muryar ta fito siririya, ya ƙara mata ƙarfi. "Eh, yaro na ce. Ina aiki kana yawo ba wando. Don na auri ƙanwarka shi ne kake ta ɗaga min hanci? Jahilin banza, ko sunanka ba ka iya rubutawa, ni na taimake ka na sa shi a littafi!"

Ƙashin ya sauko.

Akawu ya sha jin mutane na cewa zafi in ya yi yawa ba a jin sa. Ƙarya suke. Ya ji shi duka, daga yatsa har ƙeya, ya ji ƙarar kamar an taka busasshen kara, ya ji wani yana ihu da muryar akuya, wannan karon bai waiga neman mai ita ba. Na biyu ya sauka a bayan hannun. Wandonsa ya yi ɗumi. Na uku bai gan shi ba, don rumfar ta juye, ƙugiyoyin suka koma ƙasa, sai ya ji Ciyaman daga nesa yana cewa, "Ya isa, ya isa, kada ka mayar da ƙanwarka bazawara." Wani ya watsa masa ruwan bokiti. Sakatare ya sunkuyo ya cusa masa tabaransa a aljihu, ya ce in zai sake rubuta wani littafin ya riƙa tuna mutane a godiya.

A keke mai ƙafa uku da ke kai nama kasuwa aka ɗora su, don babu mai motar da zai ɗauke su a yadda suke. Suka zauna a baya a kan buhu. Bahago ya tuɓe singiletinsa ya naɗe hannun Akawu, ya tallafe shi a kan cinyarsa don kada ya yi lilo. Hannun ya zama wani abu mai kama da safar da aka cika da tsakuwa.

"Na farkon na dole ne," Bahago ya ce daga baya, maganar na fita ta gefen baki. "Na biyun ma na dole ne."

"Na ukun fa, Yaya?"

"Na ukun nawa ne."

Akawu ya gyaɗa kai. Bai ga abin musu a lissafin ba.

"Na kauce wa babban yatsa. Za ka riƙe cokali." Ya tofar da jini a titi. "Wai da gaske ana kawo takardun nan ofishinku?"

"Ana kawowa."

"Kai kuma kana dannewa."

"Aikina ke nan."

"Allah ya shirye ka, Farfesa."

Waya ta fara ruri a aljihun Akawu na dama. Ya yi ta kai hannun hagu yana kasa isa, har Bahago ya zaro masa ya kara masa a kunnen da ke ji. Dakta ce.

"Akawu, wani bidiyo ya shigo min yanzu. Fuskarka duk jini. Kana ina?"

"Ina hanya, Dakta."

"Saurara. Na karanta babin nan sau uku kafin a buga. Wanda ya ƙirƙira ba ya rubuta haka. In tilasta ka aka yi, gaya min yanzu. Ka kawo min muryar hirar da ka ɗauka, in shiga da ita gaban kwamiti, ni zan tsaya maka. Ba wanda zai taɓa digirinka."

Muryar tana nan, a cikin wayar da ke manne da kunnensa. Kwamiti kuwa mutane ne, kowannensu yana da mata ko miji, da direba, da mahaucin da yake sayen nama a wurinsa. Akawu ya san yadda magana ke fita daga ɗakin taro, shi da kansa ya sha buɗe mata ƙofa. Ya dubi yatsun da ke riƙe masa da wayar, sun kumbura, da shatin takalmi a wuyan hannun, amma duka biyar suna lanƙwasuwa.

"Babu wata murya, Dakta. Ni na ƙirƙira."



"Ka san abin da zan rubuta ke nan," ta ce.

"Na sani. Sai dai ina roƙon abu ɗaya. Kwafin da ke wurinki, kada a kai shi laburare."

"Yana cikin kabad ɗina," ta ce. "A nan zai tsufa." Ta kashe.

Bahago ya mayar masa da wayar aljihu. Keken ya faɗa wani rami, hannun ya yi tsalle a kan cinyar, Akawu ya ƙwalla ƙara har wata mai tallan lemo ta waiwayo.

"Kai direba!" Bahago ya daki ƙarfen keken. "Bi a hankali mana, ba ka san ka ɗauko mutane ba?"

Direban bai ko juyo ba. Ya ce shi shekararsa goma yana bin hanyar nan da kaya a baya, ba a taɓa yi masa ƙorafi ba sai yau.